Ƙugin Amfilifayar Kawu Odell

Da na dawo daga karatu a Kanada na kama aiki a kamfanin wutar lantarki na gundumarmu, Kawu Odell ya daina kirana Nita ya koma kirana Injiniya. Ba yabo ba ne. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ke kaɗa jita a ƙungiyar waƙar bishara ta Dikin Cleophus, dattijon cocinmu, tun kafin a haife ni. Mawaƙa suna tsaye a gaba, shi yana gefe a kan kujerar ƙarfe, amfilifayarsa, akwatin ƙara sautin jita, a bayan ƙafarsa. Haka na tashi na gan shi.

Ranar Asabar da safe ya kira ni a waya, da ƙarfi kamar mai kiran wani daga tsallaken kogi. Ya ce amfilifayar tana ƙugi, gobe kuma bikin shekara na ƙungiya, in zo da kayan aikina. Na tambaye shi wane irin ƙugi. Ya ce da ya sani, da bai nemi wadda ta je ƙasar ƙanƙara koyon canza ƙwan fitila ba.

Ina neman mukullin mota Dikin Cleophus ya kira. Ya ce ya ji za ni wajen Odell, yana so in san inda maganar ta tsaya. Tun farkon zafin bana, in ana gwajin waƙa, Odell sai ya yi ta ƙara murya har mawaƙa ba sa jin junansu. Yana shiga waƙa a makare. Ranar Laraba sun ɗauko waƙa a wata murya, shi ya bi su a wata, bai kuma lura ba sai da aka tsaya ana kallonsa. In an yi masa magana sai ya ce ƙugin akwatin ne ya hana shi jin su.

"Ni ban san wuta ba, 'yata," in ji Dikin. "Amma gobe ƙungiyoyi za su zo har daga Arkansas. In aka maimaita ta Laraba, 'Yar'uwa Lavonne za ta riƙe mu da piyano daga nan gaba. Kujerar za mu ɗauke."

Na tambaya ko Kawu ya san haka. Ya ce ya sani, shi ya gaya masa da bakinsa, kuma bai ji daɗin faɗa ba.

Na tarar Kawu ya ɗora amfilifayar a kan teburin kicin, ya shimfiɗa mata jarida. Tsohuwa ce, mai kwalabe a ciki, irin waɗanda sai sun yi ja kafin su ba da sauti. Baƙar fatar jikinta ta koɗe a kusurwa, kuma akwai tabon sigari a samanta tun zamanin da yake yi wa 'yan rawa kiɗa kafin ya tuba. A gefe ga tulin wayoyin jita da ya gwada ya jefar. Ya sa sababbin kwalabe. Ya kai ta ɗakin kwana, ya dawo da ita falo. Har firiji ya kashe don ya gani ko shi ne, sai da naman da ke ciki ya lalace.

"Kin yi ƙiba," ya ce. "Kamfanin wuta na ciyar da ke, mu yana aiko mana da ƙugi."

Neman ƙara a amfilifaya hanya ɗaya gare shi, duk mai kiɗan da ya daɗe ya san ta. A cire abu ɗaya, a saurara. In ƙarar ta tafi, ga mai laifi nan. In tana nan, a cire na gaba.

Na kunna. Kwalaben suka ɗauki zafi, warin ƙura mai ƙuna ya tashi. Sai ga ƙugin, ƙasa-ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka. Gaskiyarsa, akwai shi. Na zare wayar jita, yana nan. Na rage murya har ƙarshe, yana nan. Da na murɗa maɓallin amsa-kuwwa sai ya ƙaru. Na zagaya baya na zare wayar makunnin ƙafa, ɗan akwatin da yake takawa yana cikin kiɗa, maɓalli ɗaya na amsa-kuwwa, ɗaya na sa sauti karkarwa. Ƙugin ya ɗauke.

Wannan wayar ce kaɗai bai taɓa zargi ba, don tare da amfilifayar ta zo. Na kwance kan wayar. Saƙar ƙarfen da ke lulluɓe da ita ta tsinke a wuya, saboda kullum in an tashi sai ya naɗe ta a jikin makunnin ya ɗaure tamau kamar mai ɗaure akuya. Na gaya masa haka. Ya ce haka ake naɗe ta tun ina zubar da miyau. Na yanke wajen da ya lalace, na liƙa da dalma, na mayar. Na kunna, na taka maɓallan duka biyu. Babu komai sai ɗan hucin da kowace mai kwalabe take yi.

"Shi ke nan," na ce. "Wayar ƙafa ce."

Yana zaune a gaban sifikar, idonsa a rufe, ya karkatar da kai. Haka yake sauraro. Ya daɗe.

"Yana nan," ya ce.

Na ce wannan huci ne kawai, ba ya fita. Ya ce ya san huci, ya san ƙugi, kada in koya masa. Wannan kamar firijin maƙwabci ne ta bayan bango, da kukan sauro a samansa. Na matsa na sa kunnena a jikin ƙyallen sifikar. Ban ji ba.

Duk da haka na ci gaba. Na ɗauki cokalin katako na riƙa ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, don in akwai wadda cikinta ya saki, za ta yi ƙara kamar gilashi. Ba wadda ta amsa. Na kwance bayan akwatin.

"Hannu ɗaya a aljihu, Injiniya," ya ce, bai buɗe ido ba. "Ba ni da ƙarfin gaya wa uwarki a lahira."

Na sa hannun hagu a aljihun baya, yadda ake yi don kada wuta ta ratsa ta ƙirji. Na zare ƙaramar kwalba ta farko. Ya ce yana nan. Na zare ta gaba. Yana nan. Na yi ta cirewa ina jera su a kan jarida, har ba abin da ya rage sai manyan. A wannan matakin ko an kaɗa jita ba abin da zai fito. Ya ce bai ragu ba ko kaɗan.

Na kashe amfilifayar. Na bi wayar wuta har bango na zare filogin. Jan da ke cikin kwalaben ya dushe, ya mutu.

"Yauwa," ya ce. "Tsaya nan. Ko me kika taɓa yanzu, wajen ne. Ya fi fitowa."

Na zo gabansa na ɗora masa filogin a kan gwiwa. Ya buɗe ido. Ya dubi filogin, ya dubi bango, ya dubi kwalaben. Sai ya yi dariya.

"Wannan ce Kanadar? Ba su gaya miki irin waɗannan suna riƙe wuta ko an zare su ba?"

Ya ba ni labarin wani mai gyara da ya sani, wanda ya cire filogi ya je ya ci abinci, ya dawo ya sa hannu a ciki, wutar ta jefa shi jikin bango. Ba ƙarya ya yi ba. Akwai gwangwanaye a cikinsu masu tara wuta, suna iya riƙe ta tsawon lokaci, kuma tana kisa. Abin da ba sa iya yi shi ne ƙugi. Amma ban yi gardama ba. Na zuƙe wutar a gabansa, na sa ma'auni na nuna masa allurar ta kwanta. Ya sa tabarau ya duba.

Ya ce to wutar gidan ce. Na fita baya na ja babban makunni. Firiji ya tsaya, fanka ta yi ta juyi har ta tsaya. Gidan ya yi tsit, har ina jin ɗigon famfo. Ya tsaya a tsakiyar kicin, ya karkatar da kai. Ya ce tiransifomar da ke kan falwaya ce, ta kamfaninku, ya daɗe yana zarginta.

Na ce ya ɗauko hularsa.

Muka bi titin da ya wuce tsohuwar masana'antar gurzar auduga, muka bar kwalta, muka hau tudun da aka gina don tare ambaliya. A can babu falwaya, babu gida. Hagu gonakin waken suya ne da aka riga aka girbe, dama bishiyoyi da ruwan kogi a bayansu. A hanya bai yi shiru ba. Ya zagi tuƙina, ya zagi motar, ya ce mutanen da suka yi karatu ba sa yarda da kunnen kowa sai allura. Na kashe injin.

Ya fita ya yi gaba a kan tudun, a hankali saboda gwiwarsa. Na zauna a mota. Ya tsaya, ya juya wannan gefen, ya juya wancan. Ya toshe kunnen hagu da tafin hannu. Ya saki, ya toshe na dama. Sannan ya toshe duka biyun, ya tsaya a haka, hularsa ta karkace. Wani jirgin dakon hatsi ya wuce a kogi, bai waiwaya ba.

Da ya dawo ya zauna ya rufe ƙofa, ya ɗora hannuwansa a kan cinya.

"Da na toshe ya fi ƙarfi," ya ce.

Na ce akwai likitan kunne a babban gari, zan kai shi, akwai na'urorin da ake sawa. Ya ce ko za su sa masa kafin gobe da la'asar. Na ce a'a. Ya tambaya ko ƙugin yana fita. Na ce yawanci ba ya fita, sabawa ake yi. Ya ce da wata ce da ta ɗan sassauta maganar. Na ce da wata ya kira.

Sai ya tambaya tun yaushe muka sani, mu duka. Na ce ni yau na sani, tare da shi. Ban san abin da Dikin yake zato ba.

"Kada ki gaya wa Cleophus."

Na ce ba zan kai masa ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ya ce sanyin Kanada ya shige mini har zuciya. Na tayar da mota.

A gida na mayar da wuta, na mayar da kwalaben, na ɗaure bayan akwatin. Ya ɗauko jitar ya kaɗa. Yatsunsa ba su manta komai ba. Amma hannunsa ya yi ta komawa kan maɓallin murya yana ƙarawa, har kofuna suka fara rawa a kan kantar kicin. Na mayar da maɓallin inda ya dace da ɗaki mai mawaƙa, na manna ɗan salatif a wajen, na ce kada ya wuce nan. Ya kaɗa a haka. Ya ce a nan ba ya jin komai sai motsin tsirkiya a ƙarƙashin yatsa. Na ce to ya riƙa kallon bakin Dikin da hannunsa, ya bi su da ido. Ya ce tun bara yake yin haka, ya ɗauka mutane ne suka koma magana a cikin hanci.

Ya soya tarwaɗa ya ce in ci. Na ci. Da zan tafi yana naɗe wayar ƙafar, tamau, yadda ya saba. Na bar shi, na fita.

Ranar Lahadi da la'asar cocin ya cika tun kafin a fara. Mata da manyan huluna da mahuci a hannu, ƙungiyoyi kowacce da kalar kwat ɗinta. Ta su Kawu ruwan goro ce, tasa ta yi masa yawa a kafaɗa. Ƙanshin kifi da taliya yana shigowa daga ɗakin cin abinci. Ni na ɗauko masa amfilifayar na ajiye bayan kujerar ƙarfe, na jona wayoyi, na duba salatif ɗin yana nan. Na samu wuri a benci na gaba, ta gefensa.

Baƙi suka yi nasu. Masu biki su ne na ƙarshe. Da aka kira su, Kawu ya zauna, ya rataya jita, ya jawo makunnin ƙafa kusa da takalminsa. Irin wannan amfilifayar makunni biyu ne a bayanta. Na farko yana kunna kwalabe su yi zafi, na biyu shi ke sakin sauti. Ya miƙa hannu baya ya ɗaga na farko, jar fitilar gaba ta kama. Ya dawo da hannunsa kan jita.

Na ɗauka mantuwa ce. Na yunƙura zan tashi. Ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. Na koma na zauna.

Dikin Cleophus ya ɗauko waƙa, 'Yar'uwa Lavonne ta bi shi da piyano, sauran mawaƙa suka amsa. Kawu ya shiga tare da su. Yatsunsa suna hawa suna sauka, kafaɗarsa tana motsi, inda ya saba taka karkarwa ya taka. Ni da nake kusa ina jin ɗan ƙaran tsirkiya, kamar ana kaɗa waya a bakin shinge. Daga sifikar ba abin da ya fito. Bai kalli jama'a ba, bai kalli yatsunsa ba. Bayan mawaƙan yake kallo, musamman ƙeyar Dikin.

A waƙa ta biyu Dikin ya sauka cikin mutane da makirfo a hannu, zufa tana zuba. Mata suka miƙe. Wata tsohuwa daga baya ta fara ihu, aka riƙe ta ana yi mata fifita. Lavonne ta cike duk wuraren da jita take cikewa, ta cike su da kyau. Waƙar ta tafi daidai, ba wanda ya makara, ba wanda ya kauce. Na daɗe ban ji ƙungiyar ta yi daɗi haka ba. Mawaƙin da ke kusa da Kawu, taku ɗaya ne tsakaninsu, ya san abin da ke faruwa tun baiti na farko, don na ga ya saci kallon amfilifayar. Bai ƙara duban wajen ba.

Kafin waƙar rufewa Dikin ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Kawu ya ce ga Ɗan'uwa Odell Rucker, wanda aka fara tafiyar nan da shi, ya roƙi jama'a su nuna masa ƙauna. Aka yi tafi sosai, wasu a tsaye. Kawu ya ɗaga wuyan jitar sama kaɗan ya sauke.

Bayan an tashi ina sa amfilifayar a but ɗin mota, Dikin ya biyo ni da farantin abinci a hannu, an rufe da takarda. Ya ce na Odell ne. Ya tsaya yana goge wuya da hankici.

"Ban san me kika yi ba, 'yata, ba kuma na so in sani," ya ce. "Ki gaya masa in haka za a ci gaba, kujerar tasa ce har ranar da Ubangiji ya kira shi."

Na ce ba ni na yi ba. Ya ce ai ya faɗa, ba ya so ya sani. Ya koma ciki.

Kawu yana zaune a mota, jitar a tsakanin ƙafafunsa. Ya ga tsayuwarmu ta madubi. Ya tambaya me Cleophus ya ce. Na juyo gaba ɗaya don ya ga bakina, na maimaita masa yadda aka faɗa, ban rage ba. Ya gyaɗa kai. Na ba shi farantin ya riƙe.

Sai da muka wuce gidan mai ya yi magana.

"Waƙar farko na ce ba su lura ba tukuna. Ta biyu na ce yanzu Cleophus zai waiwayo ya ce, Odell, ina ka shiga? Haka yake yi mini in na yi sanyi. Da ya waiwayo da na kunna."

Na ce wataƙila tausayi ne ya hana shi.

"Na san me ya hana shi, Injiniya. Kalli hanya."

Da muka isa na fita zan buɗe but. Ya ce in bar ta, in tafi da ita wajena, in ba haka ba zai kwana yana zare mata kwalabe. Ya ce in kira Cleophus in gaya masa ya ɗauke kujerar, ranar Laraba ba zai zo ba. Na tambaya ko ba zai kira shi da kansa ba. Ya ce a waya ba ya jin abin da ake ce masa, yana dai amsawa ne.

Ya bar farantin a kan kujerar motar. Ya ɗauki jitar ya hau matakala a hankali, yana riƙe da ƙarfen gefe. Na jira har ya shiga. Kafin in juya mota ya kunna talabijin. Har bakin titi ina jin ta.